Ɗigon da Na'ura ke Gani a Huhun Masu Sankarar Furostet

Daga cikin al'amuran da zamani ya shigo da su sha'anin jinya a ƙasar Sakkwato, akwai wani da bai yi amo ba, amma ya hana gidaje da dama barci. Dattijo zai taso daga Kajiji, ya bi titin da ya ratsa Shagari da Boɗinga har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, saboda fitsari ya tsaya masa ko ciwon ƙugu ya hana shi ruku'u. A yi bincike a tabbatar masa da sankarar furostet, wato ƙululun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Sa'an nan a ɗauki hoton cikinsa da ƙirjinsa da na'urar siti-sikan domin a san iyakar inda cutar ta kai. Sai takardar sakamako ta fito, a can ƙarshenta an rubuta cewa an ga ƙananan ɗige-ɗige a huhu, ba a tantance asalinsu ba. Ɗan da ya rako shi, wanda shi ne mai karatun boko a gidan, sai ya duba wayarsa, kafin su fita ƙofar asibiti ya riga ya yanke hukunci a zuciyarsa cewa ciwo ya kama huhun Baba.

Asalin wannan lamari ƙarfin ganin na'ura ne, ba ƙaruwar cuta ba. Tun da aka fara ɗaukar hoton majinyaci da na'urar siti a birnin Landan cikin 1971, bisa ƙirƙirar Godfrey Hounsfield, ake ta ƙara mata kaifin gani, har ta kai a yau tana nuna ƙullutun da bai wuce milimita 2 ko 3 ba, alhali tsohon hoton ƙirji da iyayenmu suka saba da shi ba kasafai yake nuna abin da bai kai santimita guda ba. Abin da likitoci ke kira ɗigon huhu shi ne duk wanda bai haura milimita 30 ba, amma akasarin waɗanda ake gani girmansu tsakanin ƙwayar dawa ne da ƙwayar wake. Da can ma suna nan cikin ƙirazan mutane, suna rayuwa da su har su koma ga Mahaliccinsu ba wanda ya sani. Babbar hujja a nan ita ce binciken da aka buga a Amurka cikin 2011, wanda ya ƙunshi mutum sama da 53,000 masu tarihin shan taba mai yawa: a cikin waɗanda aka yi wa siti, kusan kashi ɗaya bisa huɗu na hotunan sun nuna abin tuhuma, amma da aka bi diddigi, fiye da kashi 96 cikin 100 na waɗannan ba sankara ba ne. In haka abin yake ga mashaya taba, waɗanda su aka fi ji wa tsoro, to mai hankali ya yi ƙiyasi.

Sai dai huhun mutumin Kajiji yana da nasa tarihi, wanda ya sa ɗigo ya fi sauƙin samuwa a cikinsa, fassararsa kuwa ta fi wuya. Nijeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka, kuma sanannen abu ne ga masana cewa mutum yakan shaƙi ƙwayar cutar tun yana yaro, jikinsa ya yaƙe ta ya killace ta, ta bar ɗan tabo wanda kan daskare da alli, ba tare da ya taɓa kwanciya ko ya yi tari ba. A ƙara da ƙurar hunturu ta shekara sittin, da ƙaiƙayin sussuka, da hayaƙin itace, da ciwon haƙarƙarin da aka yi aka warke aka manta, da 'yan kaluluwar da ke cikin huhu tun asalin halitta. Huhun da ya sha wannan gwagwarmaya, in na'ura mai kaifin ido ta leƙa shi ta fito ba ta ga kome ba, shi ne abin mamaki.

A ɗaya ɓangaren kuma, sankarar furostet ita ce ta fi kowace yawa a tsakanin mazan Nijeriya. Ƙiyasin hukumar binciken sankara ta duniya na 2020 ya nuna sababbin masu ita sun haura 15,000 a shekara, kuma galibinsu ba su isa asibiti sai ta yi nisa, domin kunya da jinkiri da zaton cewa wahalar fitsari al'adar tsufa ce. Ɗabi'ar wannan cuta kuwa sananniya ce: in za ta yaɗu, ƙashi take fara nema, musamman ƙashin baya da na ƙugu, tare da kaluluwar mara. Tana kaiwa huhu, babu musu, amma bisa galibi sai bayan ta riga ta zauna a ƙashi. Ta tsallake ƙashi ta sauka a huhu shi kaɗai, wannan nadiri ne. Saboda haka ɗigo guda ƙarami, mai santsin gefe, a huhun mutumin da ƙashinsa lafiya lau kuma awon jininsa na furostet, wato PSA, bai yi sama ba, hukuncinsa daban da na ɗige-ɗige masu yawa, masu bambancin girma, warwatse a ƙasan huhu biyu na wanda cutar ta riga ta ci masa ƙashi. Akwai kuma na uku da ake yawan mancewa da shi, wato ɗigo mai tsika-tsika a saman huhun wanda ya daɗe yana shan taba, wanda zai yiwu sankarar huhu ce mai zaman kanta, ba ruwanta da furostet.

Malamanmu na fiƙihu suna da ƙa'ida cewa shakka ba ta kawar da yaƙini, kuma a ganina babu ma'aunin da ya fi ta dacewa da wannan mas'ala. Yaƙinin da ke hannu shi ne cutar furostet da aka tabbatar da gwajin tsoka. Ɗigon huhu kuwa zato ne, har sai shaida ta zo. Shaidar nan ba ta da sauri, don kuwa lokaci ne. Ƙungiyar likitocin hoton ƙirji da ake kira Fleischner ta fitar da ƙa'idoji cikin 2017, inda ta nuna cewa ɗigon da bai kai milimita 6 ba haɗarinsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, mai milimita 6 zuwa 8 a sake hoto bayan wata 6 zuwa 12, wanda ya haura haka a zurfafa bincike. Amma adalci ya wajabta a faɗi cewa su da kansu sun keɓe masu sankara daga waɗannan ƙa'idoji, don haka likita kan yi nasa ijtihadi, yawanci ya gajarta wa'adin zuwa kamar wata uku. In aka sake hoto aka tarar ɗigon yana nan yadda yake, zaton tabo ya ƙarfafa, in ya cika shekara biyu bai motsa ba hankali ya kwanta. In ya ƙanƙance bayan an fara allurar da ke danne sinadarin maza, hanyar da Charles Huggins ya gano tun 1941, PSA ma ya sauka tare da shi, alama ce ta cewa daga furostet yake, kuma yana jin magani. In kuwa ya ƙaru alhali PSA na sauka, to a nemi wani mai laifin.

Mai tambaya zai ce, don me ba za a soka allura a ɗebo tsokar a huta ba? Amsa ita ce ƙaramin ɗigo yana da wuyar samu da allura, kuma kimanin mutum 15 cikin 100 da aka yi wa haka iska kan taru a ƙirjinsu ta danne huhu, wasu har sai an sa musu roba. Na'urar hoto ta PET ma, wadda sai mai hali ke iya bin ta zuwa Legas, ganinta ba abin dogaro ba ne ga abin da bai kai milimita 8 ba, kuma tarin fuka kan haska a cikinta kamar yadda sankara ke haskawa. Mafsadar gaggawa a nan ta rinjayi maslaharta.

To, a nan ne matsalarmu ta bambanta da ta Turai. A can illar ɗigo ita ce waswasi na 'yan watanni. A nan kuwa hukuncin duka ya rataya ne a kan hoto na biyu, hoto na biyu kuma shi ne abin da talaka ya fi kasa kaiwa gare shi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin mota da na magani da na hoto suka tashi gaba ɗaya, manomin da ya sayar da rago ko buhunan gero ya yi hoton farko, da wuya ka gamsar da shi ya sake sayar da wani don a duba abin da ba ya yi masa ciwo, musamman in wa'adin ya faɗo tsakiyar damina. Wani kuma ya daure ya koma, amma an bar faifan hoton farko a gida ko ya ɓace, ko kuwa an je wani wurin hoto dabam, sai likita ya rasa abin gwadawa, kuɗin ya tafi a banza, lissafin wata uku ya koma farko.

Illa mafi muni a wurina ita ce ta yanke ƙauna. Da zarar kalmar huhu ta shiga kunnen dangi, sai a ji ana cewa “a mai da shi gida kawai, a yi ta addu'a,” a daina allurar wata-wata wadda ita ce ke riƙe da cutar ta haƙiƙa, a koma ga masu tallar magani a kasuwa. Mutumin da cutarsa ba ta fita daga furostet ba, wanda aiki ko gashin na'ura zai iya warkar da shi, sai a lissafa shi cikin waɗanda ta yi wa nisa saboda tabon da ya samu tun yana kiwon awaki. Kishiyar wannan ma tana faruwa: a ɗauki kowane ɗigo tarin fuka ne, a ɗora tsoho kan magani na wata shida ba tare da gwajin majina ba, alhali gwajin majina na GeneXpert da maganin tarin fuka duk kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, babu uzurin yin aiki da zato. Ko da ma an tabbatar ɗigon daga furostet yake, ba a rufe littafi ba; abin da hakan ke nufi shi ne likita zai duba ƙara wani magani a kan allurar, kuma mutane da yawa sun yi shekaru a haka suna zuwa gona da masallaci. Wannan ƙasa ce da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littattafai a kan ɗibbu, har da maganin basur da na ciwon ido. Ba a san magabatanta da raba tawakkali da riƙon sababi ba.

Wani kaso na nauyin yana kan masu rubuta sakamako da masu bayyana shi. Layi guda na Turanci da aka rubuta don kare kai yana iya rushe gida, alhali minti biyar na bayani da Hausa, a gaban majinyaci da babban ɗansa, zai wadatar. Hukumar SOCHEMA ta Jihar Sakkwato da hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda dokar 2022 ta faɗaɗa aikinta, ya kamata su ɗauki hoton bibiya a matsayin ɓangaren jinya, domin biyan na farko a bar na biyu asarar duka biyun ce.

Ku kuma 'ya'ya da ƙanne masu rakiyar dattawa daga Kajiji da kewayenta, kada ku bar ɗakin likita sai kun tambayi girman ɗigon da milimita, da adadinsa, da ranar da za a sake hoto, da ko akwai buƙatar gwajin majina. Ku adana faifan hoton da takardarsa wuri guda da takardun gona, ku tafi da su duk ranar komawa, kuma kada a tsayar da allura sai da izinin likitan da ya fara ta. In tari ya wuce mako biyu, ko aka ga jini a majina, ko numfashi ya soma gajarta, ko rama ta shigo, kada a jira wa'adi, a kama hanyar Sakkwato.