Matsalar Rubuta Sautukan Ƙololuwa a Kiɗan Fiyano

1.0 Gabatarwa

Rubutun kiɗa na Turai tsari ne na alamomi kamar kowane rubutu, kuma yana da nasa matsalolin karantuwa. Wannan maƙala za ta duba guda ɗaya daga cikinsu, wato yadda ake rubuta sautukan da suka yi sama ƙwarai a fiyano ba tare da an rikita makaɗi ba.

2.0 Tushen Matsalar

Ana rubuta kiɗa a kan layuka biyar da ke jere kamar matakan tsani. Tsarin ya samo asali ne daga aikin Guido na garin Arezzo a Italiya cikin ƙarni na 11, ko da yake shi layuka huɗu ya yi amfani da su. A farkon tsanin akan sa wata alama da Faransawa ke kira mabuɗi, ita ke fayyace sunan kowane layi. Hannun dama yakan bi mabuɗin G, na hagu kuma mabuɗin F. Idan sauti ya zarce layi na biyar, sai a ja masa guntayen layuka na ƙari.

A zamanin Mozart wannan ya wadatar, domin fiyanonsa maɓallai 61 ne da shi, kuma sautinsa na ƙarshe bai wuce saman guntun layi na uku ba. Fiyanon yau kuwa, wanda ya daidaita a shekarun 1880, maɓallai 88 gare shi. Sautinsa na ƙololuwa, wato C na takwas, yana kan guntun layi na tara. Babu idon da zai ƙirga layuka tara alhali yatsu na gudu. Makaɗi ba ya karanta ɗigo ɗaya-ɗaya, siffar jerin yake gani gaba ɗaya, kamar yadda gwanin karatu ba ya baƙi da wasali kafin ya furta kalma.

3.0 Alamar Takwas da ta Goma Sha Biyar

Maganin da aka samo shi ne alamar 8va, taƙaitacciyar kalmar Italiyanci mai ma'anar "na takwas". Akan rubuta ɗigon a ƙasa, a ja tsinkakken layi a samansa, ma'ana a kaɗa shi zango ɗaya sama da inda aka rubuta. Ƙugiyar da ke ƙarshen layin ita ke nuna inda umarnin ya ƙare, wasu kuma kan ƙara kalmar loco, wato a koma mazauni. Mai neman misali ya duba La Campanella ta Liszt, ta shekarar 1851.

Sai dai ko da wannan alama, C na takwas yana saman guntun layi na biyar. Nan ne 15ma ke shigowa, wadda ke ɗaga sauti zango biyu, ta sauko da ɗigon zuwa guntun layi na biyu. Ɗalibai kan tambayi dalilin da ya sa ba 16 ba ce. Amsar ita ce sautin da ya rufe zangon farko shi ne ya buɗe na biyu, don haka sau ɗaya ake ƙirga shi.

Inda marubuta suka fi kuskure shi ne wajen zaɓen gurbin fara alamar. Idan aka sa ta a tsakiyar jerin da ke hawa, ido zai ga ɗigo ya faɗo ƙasa alhali kiɗan hawa yake yi. Rubutun ya ƙaryata sautin ke nan. Ya fi kyau a fara ta a kan gaɓa, bayan hutu ko a farkon jimlar kiɗa, ko da hakan zai sa a haƙura da guntayen layuka uku ko huɗu. Haka nan ɗigo guda da ya yi tsalle bai cancanci alama ba. Kuma alamar tsanin da take kai kaɗai ta shafa, wadda ke saman hannun dama ba ta ɗaga hagu.

Abin lura, masu busa sarewar Turai da masu goge na biyolin sun fi son guntayen layuka, domin a wurinsu kowane zango da irin kamun yatsunsa. Mai fiyano kuwa fasalin hannunsa ɗaya ne a kowane zango, gusawa kurum zai yi.

4.0 Sauya Mabuɗi

Idan hannun hagu ne ya hau, ba a fara da 8va. Sai a sauya masa mabuɗi daga F zuwa G, a rubuta ƙaramin mabuɗin gab da ɗigon da ya shafa. In sauyin ya faɗo a farkon sabon layi, akan sa gargaɗi a ƙarshen layin da ya gabata. Akwai kuma mabuɗin G mai ɗauke da ƙaramar lamba 8 a kansa, wanda manhajojin kwamfuta suka sauƙaƙa sa shi. A fiyano bai da amfani sosai: lambar ƙarama ce, a gefen hagu take, kuma makaɗin da ya kai tsakiyar shafi ba ya waiwayar mabuɗi.