Warfarin: Maganin Hana Daskarewar Jini da Sharuɗɗan Shansa

A shekarun 1920 makiyaya a arewacin Amurka da Kanada sun ga tashin hankali. Da zarar an yi wa sa dandaƙa ko an yanke masa ƙaho, sai jini ya ƙi tsayawa har dabbar ta mutu. Bincike ya nuna cewa harawar wata ciyawa ce da ta yi fumfuna a ajiye take jawo haka. Wajen 1940 Karl Paul Link da ɗalibansa a Jami'ar Wisconsin suka ware sinadarin da ke yin ɓarnar, daga gare shi kuma aka haɗa warfarin. A 1948 ya shiga kasuwa a matsayin maganin ɓera, a 1954 aka amince a ba mutane, a 1955 kuwa har shugaban Amurka Eisenhower aka ba shi bayan ya yi bugun zuciya.

Wannan tarihi ba abin tsoro ba ne, amma yana nuna halin maganin: tsakanin adadin da ke ceton rai da adadin da ke zubar da jini, tazarar ba ta da yawa.

Likita yakan rubuta shi ga wanda jini ya daskare masa a jijiyar ƙafa, ƙafar ta kumbura tana zafi, domin gudan jinin na iya ɓallewa ya je ya toshe huhu. Irin wannan yakan sha maganin aƙalla wata 3. Ana kuma ba mai bugun zuciya marar tsari don kare shi daga shanyewar ɓarin jiki, da wanda aka sanya wa bawul na ƙarfe a zuciya, shi kam har ƙarshen rayuwa. A ƙasar Hausa akwai matasa da dama da ciwon maƙogwaro na yarinta ya lalata musu bawul ɗin zuciya, akwai kuma masu jego da zuciyarsu ke raunana bayan haihuwa, kuma wasunsu kan buƙaci wannan magani.

Hanta ce ke haɗa sinadaran da ke daskarar da jini, kuma tana buƙatar bitamin K kafin ta yi hakan. Warfarin yana tare hanyar bitamin ɗin ne. Shi ya sa ba ya fara aiki nan take, sai bayan kwanaki, kuma shi ya sa akan haɗa wa majiyyaci da allurar heparin a farko. Ba ya kuma narkar da gudan da ya riga ya samu. Yana hana shi girma ne, jiki ya ci gaba da narkar da shi a hankali.

Babu adadi ɗaya da ya dace da kowa. Awon jini da ake kira INR ne ke nuna ko an dace. A lafiyayyen mutum yana wajen 1, yawancin masu shan warfarin kuma ana so nasu ya tsaya tsakanin 2 da 3. Idan ya yi ƙasa, jini na iya daskarewa. Idan ya haura sosai, sai zubar jini. Mutum ba ya jin wannan a jikinsa. Wanda ya ce "ai lafiyata ƙalau, me zan je yi awo?" ya ɗauki kasadar da bai san girmanta ba. Kuɗin mota da na awo nauyi ne ga talaka, wannan gaskiya ne, amma a ganina shan warfarin ba awo ya fi kusa da caca fiye da magani.

Inda aka fi samun matsala shi ne kemis. Mai shan warfarin ya ji ciwon baya, ya aika yaro a haɗo masa magani, a zubo ƙwayoyi a leda ba suna. A ciki sau da yawa akwai diclofenac ko ibuprofen ko asfirin, waɗanda ke ƙara haɗarin zubar jini, musamman a ciki. Flagyl da Septrin da ciprofloxacin da fluconazole suna ƙara wa warfarin ƙarfi har INR ya yi sama cikin 'yan kwanaki. Rifampicin na maganin tarin fuka kuwa akasin haka yake yi, yana rage masa ƙarfi sosai. Don ciwon kai ko zazzaɓi, farasitamol ya fi sauƙin haɗari, muddin ba a zarce ƙa'ida ba. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe-sassaƙe su ma a bar su, domin ba wanda ya auna abin da ke cikin kwalbar.

Kada ma a dogara da launin ƙwaya. A Ingila mai ruwan hoda miligiram 5 ce, a Amurka mai ruwan hoda miligiram 1 ce. Lambar da ke jikin kwali za a karanta. A riƙa sha a lokaci ɗaya kullum, galibi da yamma, wanda da azumi ma ana iya yi bayan buɗa baki. Wanda ya manta ya kuma tuna a ranar, ya sha. Idan gari ya waye, kada ya haɗa biyu.

Maganar abinci ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Alayyahu da kabeji da zogale suna da bitamin K, amma ba a hana cinsu ba. Abin da ake gudu shi ne sauyi na farat ɗaya, mutum ya yi wata bai ga ganye ba, sannan ya dage da kwaɗon zogale safe da yamma.

Wanzami ma ya sani. Ƙaho da sakiya da cire beli da cire haƙori duk suna fitar da jinin da zai iya ƙin tsayawa, don haka sai an tuntuɓi likita tukuna. Mace mai shan maganin kuwa, idan tana neman haihuwa ko ta ga ɓatan wata, ta garzaya asibiti, domin warfarin na iya nakasa ɗan tayi, musamman tsakanin mako na 6 da na 12. Akan mayar da ita kan allurar heparin. Shayarwa ba ta da matsala.

Akwai sababbin magunguna irin su rivaroxaban da apixaban da ba sa buƙatar awon INR a kai a kai, sai dai sun fi tsada kuma ba kowa suka dace da shi ba. Ba a ba mai bawul na ƙarfe. Wani babban bincike mai suna INVICTUS da aka wallafa a 2022, wanda aka yi a Afirka da Asiya da Latin Amurka, ya nuna cewa ga masu bugun zuciya marar tsari sakamakon lalacewar bawul tun daga yarinta, tsohon maganin ya fi rivaroxaban rage mace-mace.

Haɓon da ya wuce minti 10 bai tsaya ba, baƙar bayan gida, jini a fitsari, aman jini, ciwon kai mai tsanani da ya zo ba zato, ko buguwa a kai ko da babu rauni a waje: duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya nufi asibiti a ranar, domin akwai bitamin K da ruwan jini da ake karya ƙarfin maganin da su. Ya tafi da kwalin maganinsa da takardar awonsa ta ƙarshe, kuma tun daga bakin ƙofa ya gaya wa ma'aikatan jinya cewa yana shan warfarin.