Begel na Zallar Fulawa da na Gaurayen Hatsi

Begel burodi ne mai rami a tsakiya, kamar ƙaramin gammo, wanda Yahudawan Poland suka daɗe suna yi. An ambace shi a dokokin al'ummarsu ta birnin Krakow tun shekarar 1610, kuma waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka a ƙarshen ƙarni na 19 suka kai shi New York. Abin da ya raba shi da sauran burodi shi ne sai an tsoma shi a tafasasshen ruwa kafin a gasa. Ruwan zafin yana dafa bayan kwaɓin ya ɗaure shi, don haka ba ya kumbura can a wuta, sai ya fito da ɓawo mai sheƙi da ciki mai danƙo.

Mai son yin sa a gida zai zaɓi ɗaya cikin biyu: ko zallar farar fulawa, ko ya haɗa da wasu hatsi.

Na zallar fulawa shi ne wanda aka san New York da shi, kuma a wajen daɗin tauna babu mai ja da shi. Ana yin sa da fulawa mai ƙarfi, wadda gulutin ya yi yawa a cikinta, wato sinadarin da ke sa kwaɓin alkama ya yi ta miƙewa ba ya tsinkewa. Ruwansa kaɗan ne, kimanin giram 55 zuwa 60 ga kowane giram 100 na fulawa, shi ya sa murza shi ke gajiyar da hannu. Ladan wahalar kuwa yana nan: ka gatsa, ɓawon ya ɗan yi gardama, sannan ya sake. Aibinsa biyu. Kwana ɗaya ya isa ya bushe. Sannan an riga an cire wa farar fulawa dusa da ƙwayar tsiro, abin da ya rage mafi yawansa sitaci ne, ga shi babban begel guda yana kai yanka uku ko huɗu na burodi. Mai ciwon suga ya san ma'anar wannan.

Na gaurayen hatsi ya fi ƙamshi, ya fi riƙe ciki, amma yana da rigima. Gero da dawa da acca da ots ba su da gulutin irin na alkama, shi ya sa kwaɓin zallar garin gero ba ya miƙewa kamar na alkama. Ko garin alkama da ba a tankaɗe ba, dusarsa tana yayyanka zaren gulutin, tana kuma shanye ruwan kwaɓi. Wanda ya cika hannu zai ga sakamakon a tukunya. Ya ja kwaɓin ya yage, ya naɗa zoben ya tsattsage, ya saka a ruwa ya nutse ya ƙi tasowa, a ƙarshe ya fito daga wuta a baje, ga nauyi.

Duk wannan yana da magani. A bar fulawa mai ƙarfi ta riƙe kashi biyu cikin uku, ko ma uku cikin huɗu, sauran hatsin su raba abin da ya rage. A jiƙa su tun dare, don su sha nasu ruwan kada su ƙwace na kwaɓi, kuma wannan jiƙon ne ke sa begel ɗin ya kwana bai bushe ba. Bayan an naɗa, a bar shi ya kwana a firji, yis ya yi aikinsa a hankali. Da safe a jefa guda a kwanon ruwan sanyi: in ya taso cikin 'yan daƙiƙu, ya kai. A tafasa kowane gefe rabin minti zuwa minti ɗaya. Ni na fi son a zuba zuma a ruwan, yadda ake yi a Montreal ta Kanada, inda gidajen Fairmount da St-Viateur ke gashi da itace, domin ɗan zaƙin yana kashe ɗacin dusa. A barbaɗa riɗi tun yana da danshi, a gasa a zafin digiri 220 na kamar minti 20.

Akwai abin da ke ba ni haushi game da na kanti. Rubuta cewa an gauraya hatsi ba ya nufin akwai dusa a ciki. Sau da yawa farar fulawa ce aka yayyafa wa 'yan ƙwayoyi a baya, kuma manyan masana'antu da dama tururi suke hura masa maimakon tafasawa. A gida kaɗai mutum yake da iko da ma'auni.

Wanda bai taɓa yin begel ba ya fara da zallar fulawa, hannunsa ya san taurin kwaɓi mai kyau. Amma wanda za a riƙa ajiye wa iyali a karin kumallo, na gaurayen hatsi ya fi cancanta, muddin gero da 'yan uwansa ba su wuce kashi ɗaya cikin uku ba.