Rashin Haihuwa: Jan Kunne Ga Magidanta Da Danginsu

A ƙasar Hausa, idan amarya ta cika shekara biyu a ɗakinta ba a gan ta da goyo ba, sai uwar miji ta fara satar kallon cikinta duk sa'ad da ta durƙusa gaisuwa, ƙannen miji su shiga habaici, har wata ta yi ƙarfin halin kiran ta juya, alhali babu wanda ya tsaya ya tambaya ko illar tana wajen maigidan ne. Wannan hukunci ne da aka yanke ba tare da hujja ba, wanda shari'a ba ta yarda da shi ba, ilimin likitanci kuma ya ƙaryata shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kimanin mutum ɗaya cikin shida yakan gamu da wannan jarrabawa a rayuwarsa, likitoci kuma sun tabbatar cewa a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa akwai matsala a wajen namiji, ko shi kaɗai ko tare da matar. Maza da yawa suna zaton duk mai iya biyan haƙƙin iyalinsa mai haihuwa ne, wannan kuwa kuskure ne babba, domin hangum da ya kama mutum bayan balaga har ya sauka a maraina, ko ciwon sanyi da aka ɓoye saboda kunya, suna iya raunana maniyyi ba tare da sun taɓa ƙarfin mutum ba. Shi wannan ciwon sanyi, idan miji ya kai wa matarsa, yakan toshe hanyoyin da ƙwai ke bi zuwa mahaifa, daga bisani a ɗora mata laifi, a yi mata kishiya, ita ma kishiyar ta shiga sahu.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne inda matsin dangi yake jefa baiwar Allah. Wata ta sayar da kwanukan jerenta ta kai wa boka, wata ta cusa haɗin da ba ta san asalinsa ba, wata kuma a kira wanzami ko ungozoma a yi mata yankan gishiri da aska, wai a buɗe hanya, yankan da bai taɓa kawo ciki ba, sai dai zubar jini da yoyon fitsari.

Ga mai imani, Suratus Shura ta bayyana cewa bayar da ɗa da hana shi duka hikimar Ubangiji ne, Nana A'isha ma ba ta haihu ba, darajarta kuwa ba ta ragu ba. Amma tawakkali bai hana neman magani ba, kamar yadda riƙon ɗan 'yar'uwa ko maraya, wanda kakanninmu suka daɗe suna sanyaya zuciya da shi, halal ne muddin ba a canza wa yaro nasabarsa ba. Malamai da yawa sun kuma halatta dashen ciki irin wanda aka fara samun nasararsa a Ingila a 1978, da sharaɗin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta, igiyar aure kuma tana nan.

Saboda haka, idan shekara ta zagayo ma'aurata suna tare babu ciki, ko wata shida ga matar da ta haura shekara 35, su tafi asibiti su biyu, a fara da gwajin maniyyin maigida, domin shi ya fi sauƙi da araha, ba ya buƙatar allura ko tiyata.