Fataken Dare a Bakin Alƙalami: Ƙissar Gwanayen Ɓarayi da Ranar da Dubu ke Cika

Daga cikin rassan ƙagaggun labarai da Turawa suka ƙware a kansu a ƙarnin da ya shige, akwai wani reshe wanda malamanmu na adabi ba su cika waiwayarsa ba, ko dai don suna ganin bai kai matsayin a zauna a yi masa sharhi ba, ko kuwa don gudun kada a ce suna ɗaure wa ɓarna gindi, shi ne labarin mutanen da suka ɗauki sata sana'a, suka ƙulla wani babban aiki da lissafi da haƙuri, sa'an nan aikin ya rushe a kansu. A irin wannan ƙissa mai karatu yakan tsinci kansa ɗaki ɗaya da ɓarayin, ya ji suna rabon aiki, ya san wanda zai fasa akwatin ƙarfe da wanda zai riƙe mota da wanda zai tsaya gadi, yana biye da su sawu da ƙafa har ranar da dubu za ta cika. Ni kuwa ina ganin mu mutanen ƙasar Kwantagora, tun daga birni har Beri da sauran garuruwan Mariga, waɗanda shekarun nan suka sanar da mu sha'anin ɓarayi ba da sonmu ba, mun fi kowa cancantar mu dubi wannan reshe da idon basira, domin akwai abin da ya gano game da halin ɓarawo wanda wa'azi kaɗai bai cika fito da shi fili ba.

Asalin salon daga Amurka yake, a cikin mujallu masu arha irin su Black Mask, wadda aka fara bugawa a 1920, inda marubuta kamar Dashiell Hammett, wanda shi kansa ya yi aikin binciken masu laifi a kamfanin Pinkerton kafin ya kama alƙalami, suka watsar da ƙawata zance, suka riƙa faɗin abu yadda ya faru, da gajerun jimloli, babu kuka babu lallashi. A 1949 W. R. Burnett ya fitar da The Asphalt Jungle, labarin wani tsohon gwani da ya fito daga kurkuku da shirin fasa kantin lu'ulu'u a kansa, ya nemi jari wurin wani lauya mai mutunci a idon jama'a, alhali lauyan ya riga ya ƙudurta cinye su duka. A 1962 kuma Donald Westlake, da sunan aro na Richard Stark, ya fito da Parker a cikin The Hunter, ɓarawon da matarsa da abokin aikinsa suka ci amanarsa, aka harbe shi aka bar shi a kan ya mutu, ya tashi yana bin kasonsa na dala 45,000, bai nemi ƙarin ko sisi ba. Aka yi ta bin Parker har littafi 24. Amma wanda ya iso mana nan Arewa ya zauna daram shi ne James Hadley Chase, Baturen Ingila, wanda ɗaliban sakandare na shekarun 1970 da 1980 suka riƙa karɓa-karɓar littattafansa har bangonsu ya yage.

Wanda yake so ya ga ƙashin bayan wannan fanni a wuri guda, to, ya nemi fim ɗin nan na Faransa mai suna Rififi, wanda Jules Dassin ya shirya a 1955. Mutum huɗu ne suka hau benen da ke bisa wani kantin zinariya da lu'ulu'u a birnin Faris, suka huda daɓen ɗakin a hankali, suka zura lema ta cikin hudar suka buɗe ta a ƙasa don ta tare ɓarɓashin gini kada ya faɗi ya tayar da ƙararrawa, sa'an nan suka sauka da igiya, suka toshe bakin ƙararrawar da kumfar kashe gobara. Kimanin rabin sa'a ana wannan aiki babu wanda ya ce uffan, babu kiɗa, sai numfashi da gumi. Aiki ya yi kyau, babu wanda ya gan su. Abin da ya kashe su kuwa zobe ne guda ɗaya, wanda mai fasa akwatin ya soke a aljihu ba da sanin 'yan'uwansa ba, ya kai wa wata mawaƙiya da yake so; ta wurin zoben nan wata ƙungiyar miyagu ta gane su, kafin labari ya ƙare babu ko ɗaya daga cikin huɗun da ya rage da rai.

A nan hikimar fannin take, kuma ita ce dalilin da ya sa nake ganin girmansa. Galibin waɗannan littattafai, in ka lura, hukuma tana zuwa ne daga baya, ta tarar ɓarayin sun riga sun cinye junansu, saboda aikin da suka ƙulla yana bukatar amana cikakkiya daga mutanen da cin amana ne abincinsu. Mai riƙon mota yana tsoron mai rabo, mai rabo yana tsoron mai sayen kaya, kowa kuwa ya san abin da zai aikata da shi ne a matsayin ɗan'uwansa, don haka yake rigansa. Marubucin bai tsaya ya ce sata haramun ce ba, ya dai nuna maka ta daga ciki har ka ga cewa halakar tana ƙunshe a cikin shirin tun ranar da aka zauna ƙulla shi.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu a yi hikaya da maƙetaci. Almajiran zaure sun daɗe suna karanta Muƙamatul Hariri, suna mamakin Abu Zaidin Saruji da dabarunsa na raba mutane da dukiyarsu ta hanyar fasahar harshe, kuma Dare Dubu da Ɗaya cike yake da irin su Dalila da Ali Zaibaƙ. Sa'ad da Rupert East ya shirya gasar rubuta littattafan Hausa a Zariya a 1933, biyu daga cikin biyar ɗin da aka buga na 'yan Kagara ne, wa da ƙane, wato Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda ya tashi daga yaƙin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse da Turawa, da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a Kwantagora aka zauna aka ba da labarinsa, Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna ta yi wa juna ƙulle-ƙulle. Na uku, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, tauraronsa ɓarawo ne ɗan gado, ya tashi a gidan sata ya shiga cikin gwanayenta. Bayan su, a shekarun 1950, Tanko Zango ya rubuta Da'u Fataken Dare. Ashe kuwa tun ranar da aka haifi ƙagaggen labarin Hausa na boko, ɓarawo yana tsaye a bakin ƙofa.

Amma wanda ya fi kusa da abin da nake magana a kai, a ganina, shi ne Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East. Attajiri Malam Shehu ya yi amfani da dukiya ya raba Abubakar da Zainabu. Abubakar ya shiga duniya neman asirin ramuwa, asirin ya faɗa kan ɗan da Zainabu ta haifa wa Malam Shehu, Kyauta, yaro ya tashi da hannun ɓera har ya zubar da mutuncin gidansu, ya bi duniya. Ƙarshenta sata ta kai shi wani gida da dare, mai gida ya rasa ransa a hannunsa, daga baya ta bayyana cewa mahaifinsa ne. Duk cikin adabinmu na farko ban ga satar da ta ɓaci ɓaci mai ban tsoro kamar wannan ba, kuma marubutan sun yi ta ba tare da aljani ya sauko ya gyara kome ba. Sai dai akwai bambanci guda wanda ya kamata a lura da shi: Kyauta sammu aka yi masa, ba shi ya zaɓi hanyarsa ba, saboda haka mai karatu yana rufe littafin yana zargin boka da mai ramuwa. Haka ma sauran, ɓarawon cikinsu da layar zana da baduhu da shashatau yake aiki, in ya tsira asiri ne, in an kama shi asiri ne ya karye. Inda asiri ya shiga kuwa, lissafi ya fita, ba za ka taɓa sanin wa ya nuna gidan ba, wa ya sayi kayan, nawa aka ba kowa.

Sai bayan yaƙin basasa, lokacin da bindiga ta yawaita a hannun mutane, har gwamnati ta kafa dokar kisa a kan fashi da makami a 1970, aka harbe Ishola Oyenusi a bainar jama'a a Legas a 1971, sa'an nan alƙalamin Hausa ya fara taɓa laifi irin na zamani. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya bi saurayin ƙauye zuwa birni har cikin miyagun abokai, Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya tona sha'anin fasa-ƙwauri, Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare kuma, wanda ya fito a 1982, ya kawo Mailoma da ƙungiyarsa da zubar da jini wanda masu karatun Hausa ba su saba gani a takarda ba. Daga nan guguwar littattafan soyayya ta Kano ta taso ta rufe wannan hanya kafin ta yi nisa.

Wanda ya san duniyar ɓarayi ciki da bai, ya kuma bayyana ta da Hausa tsantsa, makaɗi ne, Muhammadu Gambo na Fagada a ƙasar Kabi, mai waƙar ɓarayi, wanda waƙarsa ta Tsoho Tudu ta zaga ko'ina a kaset. A bakinsa ake jin darajojinsu da gasarsu da yadda suke raina ƙaramin ɓarawo, da kurkuku da duka da mutuwar wulaƙanci da ke jiransu. Amma Gambo kirari yake yi, kirari kuwa zuga ne, shi ya sa malamai suka yi ta sukarsa, shi ma daga baya ya bayyana tubansa. Ilmin da ke cikin waƙoƙinsa na gaske ne. Abin da ya rage shi ne marubucin da zai ɗauki irin wannan sani ya cire masa kalangu, ya bar ɓarawo tsirara da tsoronsa da kwaɗayinsa.

Malaman fiƙihu tun da daɗewa sun raba tsakanin sariƙa da hiraba, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala ko Muhtasar ya sani. Sariƙa ita ce ɗaukar dukiyar da ta kai nisabi, rubu'in dinari ko dirhami uku a mazhabar Malik, daga ma'ajiyarta a ɓoye. Hiraba kuwa tare hanya ce da tsoratar da bayin Allah da makami, hukuncinta ya fi tsanani, kowace kuma da ayarta a Suratul Ma'ida. Ɓarawon tsohon littafi, mai shafe jiki da mai ya haƙa katangar ƙasa cikin dare yana addu'ar kada kare ya yi haushi, ɗan sariƙa ne, yana jin kunyar a gan shi. Abin da ya same mu a yau hiraba ce tsagwaronta, da rana tsaka, a kan babura. A watan Fabrairu na 2021 aka shiga makarantar kimiyya ta Kagara, garin su Imam, aka kashe ɗalibi aka kwashi mutum 42. A ƙarshen watan Mayu na shekarar aka kwashi yara fiye da ɗari daga Islamiyyar Salihu Tanko a Tegina, suka yi kusan wata uku a daji. Mutumin Beri ko Bangi ba ya bukatar a fassara masa waɗannan alƙaluma, ya san abin da ake sayarwa a gida kafin a haɗa kuɗin fansa.

Duk da haka dokar nan da marubutan Amurka suka gano, ta ɓarayi su cinye junansu, tana aiki a dajin kamar yadda take aiki a littafi. Buharin Daji, wanda ya gagari hukuma a Zamfara shekara da shekaru, a watan Maris na 2018 ya gamu da ajalinsa a hannun Dogo Giɗe, mutumin da suke tare, kuma abin da aka ruwaito shi ne rikicin shanun sata ne ya haɗa su. Yaran da ke ganin ɗan bindiga a waya yana baje kuɗi suna ganin rabin labari ne kawai. Ɗaya rabin, wato kwana da takalmi, da zargin na kusa, da harsashi daga baya, babu mai nuna musu shi.

Na san za a ce irin wannan rubutu koyar da sata ne, kuma tsoron yana da tushe, domin akwai littattafai da finafinai da suke mayar da mugu gwarzo. Amma ɓarawon daji bai jira littafi ba kafin ya koyi aikinsa, mu ne dai muka rasa littafin da zai koya mana yadda aikin yake tafiya. Labarin da nake fata wani ɗan ƙasar nan ya rubuta zai fara ne daga cikin gari, daga infoma da ke zaune a majalisa yana lissafin wanda ya sayar da hatsi, ya bi ta kan mai kai fetur da burodi da katin waya, da mai gyaran babur da ba ya tambaya, da dillalin da ke karɓar saniyar da ya san ba ta da takarda, har ya dire a kan ɓarawon zaune, mai babbar riga da sahun gaba a masallaci, wanda kasonsa ya fi na mai riƙe da bindiga kuma shi ne ba a cika kamawa ba. Burnett ya sa lauya a wannan kujera tun 1949. Marubucinmu zai sami nasa a kasuwar shanu ko a teburin mai shayi, kuma zai bukaci ya san farashin babur da na harsashi da yadda ake kasa kuɗin fansa tsakanin mutum talatin da ba su yarda da juna ba, kamar yadda Gambo ya san sunayen mutanensa ɗaya bayan ɗaya.