Auna Kafin Ka Taka: Darasin Gobarar Majiya

A daren Talata, 15 ga watan Oktoba na shekarar 2024, wata tankar man fetur da ta taso daga Kano za ta Nguru ta kife a garin Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura ta masarautar Ringim. Mai ya malala cikin magudanar ruwa, jama'a suka yi dafifi a kansa da bokitai da jarkoki, ba a daɗe ba wuta ta tashi. Da gari ya waye asibitocin Ringim da Haɗeja sun cika da waɗanda suka ƙone, aka haƙa babban kabari aka binne mutane da yawa tare, kuma kafin mako ya zagayo adadin mamata ya haura 150. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi shahadarsu, Ya ba iyalansu haƙurin rashi.

Ban tayar da wannan magana don in ɗora wa mamata laifi ba, domin wanda ya san cewa tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta doshi naira 1,000 a lokacin gobarar, ya san abin da jarka guda take nufi ga magidancin da ya bar tukunya a kife a gida. Hukuma kuwa tana da nata alhaki game da hanyoyi da lafiyar motoci da kayan kashe gobara. Abin da ya hana ni sukuni shi ne tambayar da ta shafi mu rayayyu: da ni ko kai, mai karatu, muke bakin titin nan a daren nan, muna ganin maƙwabta suna gudu da bokitai, mene ne a cikin ƙirjinmu da zai riƙe ƙafarmu?

Imamu Mawardi, wanda ya rasu a Bagadaza a 1058, ya kasa hankali gida biyu: akwai na halitta wanda Allah Yake ba kowane mukallafi, akwai kuma na koyo wanda yake ƙaruwa da jarrabawa da yawan amfani, yake kuma dushewa idan aka yi sakaci da shi, kamar yadda lauje yake tsatsa in damina ta wuce ba a kai shi gona ba. Wannan na biyun shi ne muke da gibi a cikinsa, alhali kuwa malamanmu sun gadar mana da ma'aunansa tun da daɗewa, sai dai mun bar su cikin gafaka, ba mu fito da su kasuwa da bakin titi da kan wayar hannu ba.

Ma'auni na farko shi ne tabayyuni, watau binciken wanda ya kawo labari kafin a yi aiki da shi, kamar yadda aya ta shida ta Suratul Hujurati ta yi umarni. A kan wannan asasi malaman hadisi irin su Imamu Buhari suka gina ilmin isnadi, ba sa karɓar riwaya sai sun san wa ya ji daga wa, da gaskiyarsa, da ƙarfin haddarsa. Mu kuwa, jikokin masu wannan tsantseni, a wani dare na watan Agusta 2014 saƙo ya zaga wayoyi cewa wanka da ruwan gishiri da shansa yana kare mutum daga cutar Ebola, aka tashi yara da tsofaffi aka ɗura musu gishiri, wasu suka kwanta asibiti, wasu suka rasu, alhali cutar ba ta wuce Legas da Fatakwal ba, inda ta kashe mutum 8. Kowa ya ce ɗan'uwansa ne ya bugo masa waya, ba wanda ya tambayi ɗan'uwan nan daga wa ya ji.

Ma'auni na biyu shi ne wanda Ibnu Haldun ya shimfiɗa a cikin Muƙaddimarsa a 1377, inda ya nuna cewa amincin mai riwaya bai wadatar ba, dole a gwada labari da ɗabi'ar abubuwa, a duba ko zai yiwu ko ba zai yiwu ba. Ya kuma lissafa ta'assubanci da yawan yarda da mai ba da labari cikin sabubban da ƙarya take shiga zukata. Sanin ɗabi'ar abu yana ceton rai. Man fetur ba ya jiran ashana ta taɓa shi: tururinsa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana kwanciya a kwari da kwata, tartsatsi guda daga ƙarfe ko injin babur ya isa ya tayar da shi, wutar kuma ta bi tururin da saurin da ƙafa ba ta tsere masa. Wanda ya san haka, warin mai kaɗai ya ishe shi gargaɗi.

Ma'auni na uku, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne na malaman usulu da suka jera abubuwa biyar da shari'a ta zo don kiyayewa, addini da rai da hankali da nasaba da dukiya, suka sa rai gaba da dukiya, suka kuma tabbatar cewa tunkuɗe ɓarna shi ake gabatarwa a kan jawo amfani. Ma'anarsa a aikace ita ce mutum ya tambayi kansa: in na dace me zan samu, in kuma ban dace ba me zan rasa? Idan ribar jarka ce, asarar kuwa rai ne da marayu, to ko da mutum tara cikin goma suna dawowa lafiya, cinikin bai yi ba, domin ribar tana ƙarewa cikin mako, asarar kuwa ba ta da mayarwa.

Babban abin da yake karya waɗannan ma'aunai shi ne taro. A 1951 wani masani a Amurka mai suna Solomon Asch ya gwada mutane da tambaya mai sauƙi game da tsawon layuka, ya sa na kusa da su suka ba da amsar kuskure da gangan, sai kusan uku cikin huɗu suka bi taron aƙalla sau ɗaya, suka ƙaryata idanunsu. Wannan shi ne taƙalidi makaho da malamai suka zarga: ganin mutum ɗari sun nufi wuri sai ya zama hujja a zuciya, alhali kowane ɗayansu shi ma na gabansa ya gani.

Sai dai kada a ɗauka cewa tsantseni shi ne ƙaryata kome. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, tsoron jama'a yana da tushe, domin ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a 1996 ba. Amma zato ya daɗe bai miƙa wuya ga bincike ba, kafin a dawo da rigakafin a Yuli 2004 cutar ta bazu, ta ƙetara zuwa ƙasashe da dama. Mai shakka ba tare da bincike ba, da mai gaskatawa ba tare da bincike ba, duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Wannan sana'a ta auna magana ba a koyonta a lokacin da mai yake malala, sai a lokacin zaman lafiya: a zaure, inda malami zai ba almajiri dalilin hukunci tare da hukuncin, a aji, inda za a daina ɗaukar yaro mai tambaya a matsayin mara kunya, tun da matambayi ba ya ɓata, a kan mumbari da majalisar dattawa, inda za a saba da cewa "wa ya faɗa maka?" ba tare da an ɗauke ta cin fuska ba. Wata uku kacal bayan Majiya, a 18 ga Janairu 2025, irin wannan wuta ta ci fiye da mutum 80 a Dikko ta Jihar Neja, ga shi kuwa labarin Majiya ya riga ya game ƙasa. Ashe jin labari ba ya zama izina sai an mayar da shi ɗabi'a. Haƙƙin da mamatan Majiya suke da shi a kanmu, bayan addu'a, shi ne mu tarbiyyantar da yaron da zai ji warin mai, ya ga taro yana gudu, ya kama hannun ƙanensa su juya baya.