Ɗalibi ya zo neman Faransanci, ya tarar da Kofi ɗan Juma'a ne

Duk shekara yaranmu daga Kano, Sakkwato da Zariya na sauka Lome don koyon Faransanci, da dama a cibiyar Village du Bénin da ke Jami'ar Lome. Wasu kan kama ɗaki a nan Nyekonakpoe, dab da iyakar Aflao. To amma da zarar yaro ya hau zemijan, wato acaɓa, sai ya ji ba Faransancin aji ake yi ba. Harshen titi Mina ne da Ewe.

Nan fa ake rabuwa. Wani ya lafe cikin 'yan'uwa Hausawa, daga aji sai masallaci sai mai shayi, har ya koma gida bai san gaisuwar mai gidan hayarsa ba. Wani kuwa ya buɗe kunne. Shi ne zai gane cewa Kofi yaron da aka haifa ran Juma'a ne, Afi kuma yarinyar, kamar dai Ɗanjuma da Jummai. Kossi na Lahadi ne, Ɗanladinmu ke nan. Miyar ademe da ya yi ta kaucewa ashe lalo ce, sai dai a tambayi naman da ke ciki. Evala da Kabiye ke yi a yankin Kara cikin watan Yuli kuwa kokawa ce ta shigar samari sahun manya, Basakkwace ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Inda ake taka-tsantsan shi ne wajen bauta. A Glidji, kusa da Aneho, mutanen Gen na fito da wani dutse a bikin Epe-Ekpe wajajen Satumba, launinsa ne a wurinsu ke nuna yadda shekara za ta kasance. Ga kuma kasuwar kayan tsafi ta Akodesewa. Ɗalibi Musulmi na iya sanin mene ne, ba tare da ya sa hannu ba, kuma ba tare da ya yi wa masu shi dariya ba. Idan an miƙo sodabi a wajen makoki, a ce an gode, ba a sha, gaisuwar ta karɓu.

Laifin, a ganina, har da namu mazauna. Kakanninmu da suka zauna tsohon Zongo, kafin a tashe shi a 1977 a mai da shi Agoe, da Mina suke ciniki. Yau baƙo ya zo, iyakacinmu mu nuna masa inda ake sayar da tuwo.